Maganin farfaɗiya ba inshora ba albashi: yadda za a yi kada ya yanke

Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ta daɗe tana damuna, don a nan Katsina abu ɗaya nake ta gani yana maimaituwa a gidajen da ke da mai farfaɗiya: a kai yaro asibiti, likita ya rubuta magani, a saya na wata ɗaya ko biyu, yaro ya daina faɗuwa kowa ya yi hamdala, sai kuɗi su ƙare ko a ga ai ya warke a bari, bayan sati biyu ya sake faɗuwa wataƙila ma a bakin murhu, shikenan sai a ce maganin asibiti bai yi mashi ba a koma neman na iska. Alhali maganin ya yi, yankewa ya yi. Don haka duk abin da zan faɗa a nan manufarsa ɗaya ce, a samu maganin da gida zai iya saye kowane wata ba fashi, ko da ba shi ne mai tsada mai kyan kwali ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon daidai ana shan magani daidai. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗauka ta miyau ko ta cin abinci kwano ɗaya, kuma abubuwan da ke jawo shi a wajenmu mun san su, doguwar naƙuda, sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, buguwa a ka musamman haɗarin babur, wani kuma ba a gano dalili. Addu'a da ruƙiya ba wanda ya hana, amma a haɗa da ƙwaya.

Mataki na farko, a tabbatar farfaɗiyar ce

Kuɗin da ya fi ciwo shi ne wanda aka kashe a kan ciwon da ba shi ba. Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba, yaro ƙarami mai zazzaɓi mai zafi yana iya jijjiga, mai ciki tana iya jijjiga saboda hawan jini, mai suga ma in sugansa ya faɗi. Kowanne maganinsa daban. To ka je asibitin gwamnati ka yanki kati, Babban Asibitin Katsina ko na Daura ko na ƙaramar hukumarku, in abin ya fi ƙarfinsu su da kansu za su tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har yanzu mutane ke ce ma Medikal Santa, ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Ka tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, don mai ciwon shi bai san me ya faru ba. In da hali a ɗauki bidiyo da waya lokacin da abin ya taso, na san da nauyi uwa ta tsaya ɗaukar ɗanta yana cikin wannan hali, amma wani a gidan ya daure ya ɗauka, minti ɗaya na bidiyo yana gaya wa likita abin da bayanin awa ɗaya ba zai gaya mashi ba. Sau da yawa daga labari da bidiyon nan ake gane ciwon a fara magani, ba dole sai an yi gwajin EEG, wato na auna aikin ƙwaƙwalwa, ko hoton ƙwaƙwalwa ba. In an rubuta maka gwaji mai tsada, ba rashin kunya ba ne ka tambaya, likita wannan dole ne yanzu ko zai iya jira mu fara magani? In ya ce dole ne to dole ne, akwai dalilinsa.

Mataki na biyu, ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka

A nan mutanenmu suka fi cutar kansu, saboda kunya. Magidanci zai zauna gaban likita, a rubuta mashi takarda ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri, sai ya je tagar famasi a gaya mashi kuɗin ya yi shiru, ya ce a ba shi na kwana goma tukunna, ya tafi gida bai ƙara komawa ba. Likita kuwa yana can ya ɗauka ana shan magani.

Tun kana zaune ka buɗe baki. Ranka ya daɗe ni manomi ne, ko ni ɗan acaɓa ne, abin da zan iya warewa a wata kaza ne, don Allah a duba mani wanda zan iya ɗorewa da shi. Likitocinmu sun san halin ƙasa, ba baƙi ba ne, kuma suna da zaɓi.

Magungunan da aka fi rubutawa a nan su ne phenobarbitone, carbamazepine, phenytoin, sodium valproate, sai levetiracetam. Phenobarbitone shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, tsohon magani ne sama da shekara 100 ana amfani da shi, yawanci sau ɗaya ake sha da dare, matsalarsa yana sa barci da kasala, wasu yaran kuma ya sa su ƙiriniya da rashin natsuwa a makaranta. Carbamazepine shi ne wanda aka fi sani a gidaje, kuɗinsa tsaka-tsaki. Valproate da levetiracetam sun fi tsada. Ba wai mai tsada ya fi ƙarfi ba ne, kowanne da irin farfaɗiyar da ya fi dacewa da ita, akwai ma irin wadda carbamazepine ke ƙara tsananta ta, irin ta yaran da ke ɗauke wuta na daƙiƙoƙi suna kallon wuri ɗaya. Shi ya sa don Allah kada a ari maganin ɗan maƙwabta don shi ma faɗuwa yake, kuma kada mai kemis ya zaɓa maka.

Ka kuma roƙi abu biyu kafin ka tashi. A rubuta maka na wata biyu ko uku in ciwon ya lafa, don kuɗin motar zuwa asibiti daga ƙauye wani lokacin ya kai rabin kuɗin maganin. Sannan ka tambaya ko za a iya mayar da ku asibitin da ya fi kusa da gida don karɓar magani, a riƙa zuwa babban asibiti lokaci-lokaci kawai. In yaro ne ya kai iya haɗiyar ƙwaya, a tambaya ko za a sauya mashi daga na ruwa, na ruwa ya fi tsada kuma yana saurin ƙarewa.

Mataki na uku, ka san sunan maganin ba sunan kamfani ba

Wannan kaɗai yana iya rage maka kuɗi da yawa. Kowane magani suna biyu gare shi, sunan asali da sunan da kamfani ya sa mashi. Tegretol carbamazepine ne, Epilim sodium valproate ne, Keppra levetiracetam ne, Epanutin phenytoin ne. Waɗannan masu sunan daga waje suke zuwa kuma da dala ake shigo da su, tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 farashinsu ya tashi sama, ga shi a shekarar manyan kamfanoni irin su GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da magani kai tsaye a Najeriya suka koma bi ta hannun dillalai. Amma akwai wasu kamfanonin, na Indiya da na gida, da ke yin magani iri ɗaya da sunan asali a farashi ƙasa sosai. Ka ce wa likita ya rubuta sunan asali, ka ce wa mai famasi ya nuna maka duk kamfanonin da yake da su.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma mai muhimmanci ne. Maganin farfaɗiya ba kamar farasitamol ba ne da za ka sha na wannan kamfani yau na wancan gobe. Musamman carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone, ɗan bambancin yadda jiki ke tsotse na wani kamfani yana iya sa ciwo ya motsa ko jiri ya kama mutum. In ka samu kamfani mai sauƙin kuɗi mai lambar NAFDAC kuma ya karɓi mai ciwon, to ka riƙe shi. Ka ɗauki hoton kwalin a waya gaba da baya, ko ka ajiye tsohon kwali a aljihu ka riƙa zuwa da shi. In dole ta sa za a canza, a gaya wa likita a kuma sa ido a satin farko.

Sannan ka iya lissafin da kanka. A ce an rubuta 200mg safe da yamma, ƙwaya 60 kenan a wata, kati shida in mai goma-goma ne. Kada ka tambayi nawa kwali, wani kwalin 30 ne a ciki wani 100, ka tambayi nawa kati ɗaya kuma ƙwaya nawa ke ciki, ka ninka, a nan za ka san wa ya fi sauƙi da gaske. Ka duba ƙarfin ma, 100mg ne ko 200mg ko 400mg, don an sha ba mutum mai rabin ƙarfi ya yi murna ya samu araha. In ka ga CR ko Chrono a jikin kwali, wannan mai narkewa a hankali ne, ba a tauna shi ba a niƙa shi, kuma ba a musanya shi da wanda ba haka ba sai da izinin likita.

Mataki na huɗu, inda za a saya

Ka fara da famasin asibitin gwamnati, yawanci nan ya fi sauƙi kuma hanyar da maganin ya biyo sananniya ce. In babu, ka zaga manyan famasi biyu ko uku a cikin gari masu rajista, waɗanda akwai mai ilimin haɗa magunguna a ciki, ka kwatanta farashi. Ƙananan kemis na unguwa a doka ba su da izinin sayar da irin wannan maganin, phenobarbitone ma yana cikin waɗanda ake tsaurarawa, sai da takardar likita, don haka ka adana takardarka a leda kada ta jiƙe, ka kuma ɗauki hotonta.

In ka samu famasin da ka yarda da shi, ka zama ɗan gida. Ka gaya wa mai wurin, Alhaji wannan maganin duk wata zan riƙa saye har illa masha Allahu, a yi mani farashin kwastoma kuma a riƙa ajiye mani. Ka karɓi lambarsa ka riƙa kira saura sati ɗaya naka ya ƙare. Mai shagon da ya san fuskarka shi ne zai ba ka bashin kati biyu ranar da abu ya ƙure.

Sayen kwali guda ya fi sayen kati-kati sauƙi. In kun san wani gidan da ke shan iri ɗaya na kamfani ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi kwali ku raba, a layin asibiti ranar kilinik ake samun irin waɗannan abokan, ku yi musayar lamba. Yawancin maganin da ke shagunanmu daga Kano yake zuwa, tun 2024 aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari aka mayar da su kasuwar sari ta Dangwauro kan hanyar Zariya, amma can wurin 'yan sari masu lasisi ne, gara ka ce mai famasinka ya haɗo maka a cikin odarsa.

Wanda zan roƙe ka da Allah ka guje shi ne maganin tire da na baro a ranar kasuwa, da wanda ake ƙirgo maka a farar leda ba kwali ba suna. Ko na gaske ne rana ta gama dafa shi. Kullum ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A gida kuma a ajiye shi wuri mai sanyi busasshe inda yara ba sa kai hannu, carbamazepine musamman ba ya son laima, da damina in ya sha danshi ƙarfinsa raguwa yake, a bar shi cikin katinsa har lokacin sha.

Mataki na biyar, daga ina kuɗin za su fito

Ciwon nan na shekaru ne, to a daina ɗaukarsa kamar abin da ya faɗo kwatsam duk ƙarshen wata. A sa shi cikin cefane kamar gero da omo. Mai samun kuɗi kullum, ɗan acaɓa ko mai shayi ko mai ƙosai, ya raba kuɗin wata gida 30 ya riƙa jefawa a asusu kowace rana. Manomi in ya yi girbi ya ware buhu da sunan magani, ya sayi na wata uku ko shida lokaci ɗaya in ranar lalacewarsa da nisa. Mata masu adashi, in kwasa ta zo a fara da magani kafin atamfa.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu mai sayar da awara, 'yarta ce ke da ciwon. Gwangwanin madara biyu gare ta a ƙarƙashin gado, ɗaya na kuɗin magani da take jefa wa canji duk dare in ta tashi daga suya, ɗaya kuma a ciki akwai kati biyu na maganin da ta naɗe da ƙyalle ta ce wannan ba a taɓa shi sai ran da aka rasa. Duk ta sayo sabo sai ta fito da na ajiyar a sha, ta mayar da sabo a madadinsa don kada ya tsufa. A bangon ɗakin kuma kalanda ce, duk ranar da yarinyar ta sha safe da yamma sai ta ja layi biyu da biro. Ba ta yi boko ba, amma wannan tsarin nata shi nake so kowane gida ya kwafa, a samu ajiyar sati ɗaya zuwa biyu da ba a taɓawa.

Dangi kuma a daina ɓoye masu. Na san dalilin ɓoyon, tsoron kada a ƙi auren yarinya ko a riƙa nuna gidan, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka samu 'yan'uwa uku ko huɗu da ka yarda da su, kawu, yaya da ke aiki a Abuja, gwaggo mai ɗan hali, ka gaya masu adadin kuɗin daidai, kowa ya ɗauki wata guda ko a raba. Mutum ya fi saurin taimakawa in ya ji adadi ƙayyadadde ya kuma ga rasit, fiye da a ce mashi a taimaka da abin da ya sawwaƙa. In da hali ma ya tura kuɗin kai tsaye akawun ɗin famasi.

In gida ba hali sam, manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ka tambayi nas ta nuna maka, ka je da katinka da takardar magani. Ka yi wa limamin unguwa da mai unguwa magana, ka kai takarda hukumar zakka da waƙafi ta jiha, mabuƙaci mai jinya yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, ba roƙo ba ne haƙƙi ne.

Mataki na shida, inshorar ma a gwada

Mutane da yawa sun ɗauka inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai. A 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta koma NHIA, kuma akwai tsarin da ake kira GIFSHIP wanda mutum ko iyali ko ƙungiya za su iya biyan kuɗin shekara su shiga ko ba sa aikin gwamnati. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Akwai kuma asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa don marasa ƙarfi, wanda ake bi ta asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, mu kuma mazaɓu 361 gare mu. Ka je na mazaɓarku da lambar NIN ka tambayi shugaban asibitin ko ana rajista.

In uban yaron ma'aikacin tarayya ne, tsarin ya haɗa da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ake biya, a duba ko sunan mai ciwon na ciki. Kafin ka biya ko sisi a kowane tsari ka yi tambaya uku: maganin nan nawa da sunansa yana cikin jerinku, yaushe katin zai fara aiki, in asibiti ba su da shi ya ake yi? Sai ka kwatanta kuɗin shekarar da abin da kake kashewa a wata 12. Ko ka shiga kada ka taɓa ajiyar nan ta sati biyu.

Inda ba a tsimi

Kada a rage ƙwaya don ta kai ƙarshen wata, kada a koma shan rana ɗaya a tsallake ɗaya, kada a ce sai an ga alama za a ba shi. Maganin yana aiki ne in yana cikin jini kullum daidai gwargwado, kuma dakatar da shi farat ɗaya, musamman phenobarbitone, yana iya kawo jijjiga mai tsawo wadda ba ta tsayawa, kwana biyu a gadon asibiti ya cinye kuɗin maganin wata da watanni, ban da ƙuna ko karaya ko abin da ya fi haka. Ko an shekara ba faɗuwa likita ne kaɗai zai ce a daina, yawanci sai an yi aƙalla shekara 2 lafiya lau, kuma a hankali ake janyewa cikin watanni. In an manta sha ɗaya a sha da an tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, kada a haɗa biyu. A sa alam a waya ko a ɗaura shi da sallar asuba da isha'i. Rashin barci da tiramol suna tayar da ciwon, matasa a kiyaye.

'Yan'uwa mata, wannan naku ne. Valproate yana da haɗari babba ga jariri a ciki, kusan 1 cikin 10 ana haifarsu da nakasa, don haka budurwa ko matar aure da ke shan shi ta yi magana da likita tun kafin ciki, a kuma tambayi batun folic acid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki. In kin ga ciki kina kan magani kada ki daina da kanki, ki je asibiti a satin. Carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, ki gaya masu a wajen tazara abin da kike sha. Waɗannan ukun suna rage ƙarfin wasu magungunan maleriya ma irin su Coartem, don haka duk inda za a rubuta wa mai farfaɗiya wani magani a faɗi wanda yake kai. In ƙuraje suka feso a jiki ko baki ya yi gyambo a makonnin farko na sabon magani, a tafi asibiti ranar.

Azumi kuma a je wajen likita tun cikin Sha'aban, wani za a iya gyara mashi lokutan sha zuwa sahur da buɗa baki, wani kuma ba zai yiwu ba, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, a tambayi malam yadda za a rama ko a ciyar.

In duk da haka ka wayi gari saura na kwana uku ba kuɗi, ranar za ka tashi ba ranar da ya ƙare ba. Buɗe ajiya, kira mai famasinka ka nemi bashin kati ɗaya, kira wanda watansa ne a dangi, in duk ba su yiwu ba koma asibiti ka gaya wa likita ƙarara cewa wannan ya fi ƙarfinka a duba mai sauƙi, sauya magani ana yinsa amma a hankali kuma a hannunsu. In kuma ciwon ya taso, a kwantar da mai ciwon ta gefe, a janye wuta da ruwa da duk abin da zai ji mashi ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mashi ruwa ko rubutu ko hayaƙi sai ya farfaɗo sarai. A duba agogo, in jijjiga ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa bai farka ba, ko mai ciki ce, a nemi abin hawa a tafi sashen gaggawa da kwalin maganin a hannu.